FASHIN BAƘI: Ƙungiyoyin gama kai a Zamfara sun koma sayar da shinkafa da fuloti, wa ke cin riba, wa ke ɗaukar asara?

Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na watan Disambar 2024 sun nuna hauhawar farashi a Nijeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Ma'anar haka ga malamin makaranta a Bungudu ko ma'aikaciyar jinya a Gusau ita ce, naira 100,000 da ta kwana shekara guda a littafin ƙungiyar tsimi da tanadi ba tare da ta haifi ko kwabo ba, abin da za ta saya a ƙarshen shekarar bai wuce abin da naira 74,000 ke saye a farkonta ba. Babu wanda ya saci kuɗin, babu wanda ya ci amana, amma rubu'insu ya tafi.

Wannan zaizayar ce ta fi komai ingiza ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata da manoma da 'yan kasuwa zuwa neman wasu ƙofofin samun kuɗi. Ƙungiyar da a da aikinta karɓar zubi ne da ba da lamuni, yau ita ce mai sayo tirelar shinkafa gabanin azumi, da raguna gabanin babbar salla, da takin zamani a farkon damina. Wasu sun zarce zuwa yanka fulotai, da ba da babura da Keke Napep a biya sannu a hankali, da buɗe shagon POS, da tara hatsi a sito lokacin kaka. A taron shekara akan gabatar da waɗannan a matsayin ci gaba, kuma sau da yawa ci gaban ne. Sai dai kowace sabuwar ƙofa da aka buɗe, da ajiyar mambobi aka buɗe ta, kuma ba kowane mamba ne ya san irin kasadar da aka shiga da kuɗinsa ba.

Abin da ya sa lamuni kaɗai ba ya riƙe ƙungiya

Adashi ya girmi duk wata doka. Tsarinsa mai sauƙi ne: a zuba, wani ya kwashe, zagaye ya ƙare, kowa ya karɓi daidai abin da ya zuba. Ƙungiyar gama kai mai rajista kuwa ta shigo ne ta hannun Turawan mulki, bayan rahoton C. F. Strickland na 1934 da dokar da ta biyo baya a 1935. Dokar tarayya da ake aiki da ita yanzu ta samo asali daga 1993, jihohi kuma suna da nasu dokokin da ofishin daraktan ƙungiyoyin gama kai da ke yin rajista da sa ido. Bambancin ƙungiya da adashi shi ne ita ba ta watsewa a ƙarshen zagaye. Tana da ofis, da magatakarda, da littattafai, da mai binciken kuɗi, kuma duk waɗannan suna cin kuɗi.

A Kudancin Nijeriya da Kenya da Amurka, kuɗin ruwan da ake ɗora wa lamuni ne ke biyan wannan ɗawainiya, ragowar a raba wa masu ajiya. A Zamfara, jihar da ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a watan Oktobar 1999 a zamanin Ahmad Sani Yarima, yawancin mambobi ba za su karɓi wannan tsari ba ko da babu dokar da ta hana su. (Abin sha'awa ne cewa a rubutun boko kalma ɗaya ce, riba, ke ɗauke da ma'anar halal ta ciniki da ma'anar haram ta bashi, furuci ne kawai ke raba su, kuma rigimar da ake yi a tarurrukan ƙungiyoyi da yawa a kan wannan iyakar take.) Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi ta yanke tun 1986 cewa ya halatta a karɓi kuɗin hidima a kan bashi, amma da sharaɗin kada ya wuce ainihin abin da aka kashe wajen gudanar da shi. Ke nan kuɗin fom zai iya biyan takarda da albashin magatakarda, amma ba zai zama hanyar samun riba ba.

A ɗauka, don misali, ƙungiya ce mai mambobi 300, kowanne yana zuba naira 10,000 a wata a matsakaici. A shekara an tara naira miliyan 36. Idan duka aka bayar bashi ba ruwa, sannan kashi 2 cikin ɗari kacal ya maƙale saboda mutuwa ko kora daga aiki ko gudun hijira, an yi asarar naira 720,000 da babu inda za a cike ta sai daga ajiyar sauran. Ƙungiyar da ba ta da wata hanyar samun kuɗi, a hankali take cin kanta. Don haka tambayar ba ta tsaya kan ko a yi kasuwanci ko kada a yi ba. Ta koma kan wane irin kasuwanci, da kashi nawa na ajiya, kuma da yardar wa.

Ciniki iri biyu da ake haɗawa a suna ɗaya

A rahoton shekara akan jera komai a ƙarƙashin “kasuwanci”, alhali abubuwa biyu ne mabambanta.

Na farko shi ne sayar wa mamba kaya bashi da ƙarin da aka sani, abin da malamai ke kira murabaha. Ƙungiya ta sayo buhun shinkafa, ya zama mallakinta, ta sayar wa mamba da riba, a riƙa cirewa daga albashinsa. Wannan a haƙiƙa lamuni ne ya canza tufafi. Mai saye sananne ne tun kafin a sayo kayan, farashi a yanke yake, biya kuma daga tushe ake cirewa. Kasadarsa ba ta wuce ta lamuni ba: a yi jinkirin albashi, ko ofishin biyan albashi ya cire kuɗin amma ya jinkirta miƙa su ga ƙungiya.

Na biyu shi ne inda ƙungiya ta zama 'yar kasuwa da kanta: ta sayi masara a kaka tana jiran tsadar bazara, ta sayi gona a gefen gari tana jiran birni ya iso, ta sa mota a hanya, ta buɗe shago ga kowa da kowa. A nan babu mai saye da ya yi alkawari, babu farashin da aka yanke. Wannan shi ne ainihin rarraba hanyoyin samun kuɗi, kuma a nan ne ajiya ke iya ninkuwa ko ta narke.

Ko na farkon ma yana da tsadar da ba a cika faɗa ba. A ce an sayo buhu a kan naira 70,000, aka sayar wa mamba a kan 77,000, ya biya cikin wata shida. Kowa zai ce ƙarin kashi 10 ne cikin ɗari. Amma mamban ba ya riƙe da dukan kuɗin har wata shida, tun daga watan farko yake mayarwa. Idan aka yi lissafin yadda bankuna ke yi, ƙarin ya kai kusan kashi 2.8 a wata, wato kusan kashi 34 a shekara. A shekarar da hauhawar farashi ta kai 34.8, kuma Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa 27.5, wannan ba zalunci ba ne, domin da ƙyar ya kare darajar kuɗin ƙungiya. Amma ya kamata mai saye ya san cewa abin da ya ɗauka ba rangwame ba ne, musamman a shekarar da farashi ya daidaita ko ya sauka, ƙarin kuma bai sauka tare da shi ba.

Akwai kuma abin da kowa ya sani amma ba ya shiga rahoto. Ma'aikacin da ke neman kuɗin asibiti ko na makaranta, layin lamuni kuma ya yi tsawo saboda an zuba kuɗin a kaya, sai ya karɓi buhun a kan 77,000 ya sayar wa dillali nan take a kan, a ce, 63,000. Ya samu tsabar kuɗi, amma ya ɗauki nauyin naira 14,000 a kan 63,000 cikin wata shida, fiye da kashi 22 cikin ɗari. Rabin wannan nauyin ma ba ƙungiyarsa ce ta amfana da shi ba, dillali ne. Malamai sun daɗe suna saɓani kan hukuncin irin wannan ciniki. Ta fuskar aljihu kuwa babu saɓani: ƙungiyar da ta rage lamunin tsabar kuɗi don ta yawaita kaya ta tura mafi rauni cikin mambobinta zuwa bashi mafi tsada.

Daga aljihun wa ribar ke fitowa

Ƙungiyar gama kai ta bambanta da kamfani a abu ɗaya: mai jari da mai saye mutum ɗaya ne. To amma ba daidai suke a kowane mamba ba. A ci gaba da misalin can: an sayar da buhu 400, ribar kowanne 7,000, jimla naira miliyan 2.8. Dokar tarayya ta tanadi a ware rubu'in ribar shekara zuwa asusun ko-ta-kwana, wato 700,000. Idan aka ajiye batun ɗawainiya gefe, aka raba sauran miliyan 2.1 bisa yawan ajiyar kowa, ƙaramin ma'aikacin da ajiyarsa 60,000 ce, wanda ya ɗauki buhu biyu ya biya ribar 14,000, zai samu 3,500. Babban jami'in da ya tara miliyan 1.2, bai ɗauki ko tiya ɗaya ba, zai samu 70,000.

Mai ƙaramin albashi zai ce guminsa ne ake miƙa wa maigidansa. Babban jami'in zai ce da kuɗinsa aka sayo kayan, kuma kashi 5.8 cikin ɗari da ya samu bai kama ƙafar abin da hauhawar farashi ta cinye masa ba. Duka biyun suna da gaskiya, shi ya sa tsarin rabo ya fi ƙarfin a bar wa shugabanni su yanke a ofis. Masaƙan garin Rochdale na Ingila da suka kafa shagonsu a 1844, wanda ake ɗauka a matsayin tushen ƙungiyoyin gama kai na zamani, sun warware wannan ta hanyar ba jari lada ƙayyadadde, sauran ribar kuma a mayar wa kowa gwargwadon sayayyarsa. Ƙungiyar da ta raba ribarta gida biyu, kaso ga ajiya, kaso ga sayayya, ta fi kusa da adalci, kuma babu abin da ya hana babban taro ya rubuta haka a dokokin ƙungiya.

Darasin watan Satumbar 2021

Hikimar rarraba hanyoyin samu ita ce idan ɗaya ta toshe, wata ta ci gaba da gudana. Wannan yana aiki ne kawai idan abin da ke toshe su ba ɗaya ba ne. A Tsafe da Bungudu kuwa kusan komai a igiya ɗaya yake rataye.

Tsafe tana kan hanyar Gusau zuwa Funtuwa, ƙofar da kayan Zariya da Kano ke shigowa jihar. Ƙaramar hukumar Bungudu ta kewaye Gusau, daga Kwatarkwashi a wannan hanya zuwa garin Bungudu da Nahuce a hanyar Sakkwato. Duka biyun ƙasar noma ce, kuma duka biyun sun sha fama da 'yan bindiga: sace mutane a kan hanya da gonaki, da harajin da ake ɗora wa ƙauyuka kafin a bar su su yi shuka ko girbi. A watan Satumbar 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana safarar dabbobi, ta taƙaita sayar da man fetur da zirga-zirgar babura, aka kuma katse layukan waya a faɗin jihar. Gusau ta samu layi a farkon Oktoba, sauran wurare sai wajen ƙarshen Nuwamba.

A auna ƙungiyar da a takarda ta rarraba jarinta gida huɗu: bashin taki ga manoma, babura ga 'yan kabu-kabu, hatsi a sito, da shagon POS. A mako guda manomi ya rasa kasuwar da zai sayar ya biya, mai babur ya rasa mai da lokacin aiki, hatsi ya rasa hanyar fita, na'urar POS ta zama dutse. A daidai wannan lokacin ne kuma mambobi suka fi buƙatar ajiyarsu, wani don ya kwashe iyali zuwa Gusau, wani don kuɗin fansa. Ƙofa huɗu ce a littafi, amma ɗaki ɗaya suke buɗewa.

Kasuwar hatsi ma ta koyar da nata darasin ba tare da harbin bindiga ba. Shekaru da dama duk wanda ya saya a kaka ya sayar a bazara ya ci riba, har aka ɗauka doka ce. A watan Yulin 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanar da dakatar da harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150, kuma a 2025 farashin hatsi ya faɗi a kasuwannin Arewa, waɗanda suka tara da tsada suka sayar da asara. Ɗan kasuwar da ya yi wannan asara da kuɗinsa ya yi. Kwamitin da ya yi ta da ajiyar mutane ɗari uku, waɗansunsu gab da ritaya, lamarinsa daban ne, musamman a jihar da gwamnatin Dauda Lawal ta ce ta gaji bashin garatuti tun na shekarar 2011, inda ajiyar ƙungiya kan zama abin da tsohon ma'aikaci zai fara riƙewa kafin haƙƙinsa ya fito.

Fuloti ya fi komai farin jini, kuma da dalili. Gusau tana faɗaɗa, mutanen karkara suna kwarara cikinta, an ƙaddamar da aikin sabunta birni da gina filin jirgin sama, ƙasa kuma ba ta ruɓewa. Ƙungiyar da ta sayi fili babba ta yanka wa mambobinta ta ba mutane da yawa abin da ba za su taɓa iya saye su kaɗai ba. Amma fili ba ya zama kuɗi ranar da ake buƙata. Ajiyar da mamba ke iya nema cikin wata guda an binne ta a abin da sai an shekara ana neman mai saye. Ƙari a kan haka, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, don haka filin da ba shi da takardar mallaka ingantacciya, takardar cinikin mai unguwa kaɗai ba za ta kare shi ba ranar da aka zo fitar da hanya. A cinikin fili ne kuma aka fi samun damar da shugaba zai sayar wa ƙungiya gonarsa ko ta surukinsa, ko ya karɓi la'ada a ɓoye.

Abin da aka gani a wasu ƙasashe

Masana uku, John Goddard da Donal McKillop da John Wilson, sun bi diddigin ƙungiyoyin lamuni na Amurka daga 1993 zuwa 2004, suka wallafa sakamakon a 2008. Abin da suka gano shi ne, in ban da manya-manyan ƙungiyoyi, illar bazuwa zuwa sababbin harkoki ta rinjayi amfaninta, ƙananan kuma sun fi samun alheri idan suka tsaya kan ajiya da lamuni. Dalilin ba boyayye ba ne: kowace sana'a tana buƙatar wanda ya san ta, ƙaramar ƙungiya kuma ba ta da ƙarfin ɗaukarsa. Ma'ajin da aka zaɓa don gaskiyarsa, malamin lissafi ne ko akawu, ba lallai ya san yadda ake gane masarar da ba ta bushe ba.

Kenya, wadda ta yi fice a Afirka a wannan fanni, ta kafa hukuma ta musamman mai suna SASRA a ƙarƙashin dokar 2008, ƙa'idojinta kuma sun hana ƙungiyar da ke karɓar ajiya zuba fiye da kashi 5 cikin ɗari na dukiyarta a filaye da gine-gine ba tare da izini ba. Duk da haka uwar ƙungiyoyin ƙasar, KUSCCO, wadda ta bazu zuwa harkar gidaje da inshora, binciken da aka yi mata ya bankaɗo giɓin da ya haura shilin biliyan 12, ƙananan ƙungiyoyin da suka ajiye kuɗi a wurinta suka shiga rage ribar da suke raba wa mambobinsu.

Misali na kusa yana Maraɗi. Tsarin Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a can a 1991, wanda ya bazu zuwa ƙasashe da dama, ya ɗauki hanyar da ta saɓa wa wannan gaba ɗaya: ƙungiya ƙarama, akwati mai makullai a hannun mutane daban-daban, ƙirga kuɗi a gaban kowa, a ƙarshen zagaye kuma a fasa a raba. Ba ya gina dukiya mai yawa, ba zai saya wa kowa fuloti ba, amma da wuya a ɓoye asara a cikinsa fiye da shekara guda.

Idan ta fashe, babu mai biya

A 2024 Hukumar Inshorar Ajiya ta Nijeriya, NDIC, ta ɗaga kariyar da take ba mai ajiya zuwa naira miliyan 5 a bankunan kasuwanci, da miliyan 2 a ƙananan bankuna. Da aka soke lasisin bankin Heritage a watan Yunin wannan shekarar, wannan kariyar ce ta mayar wa ƙananan masu ajiya kuɗinsu. Ajiyar mamba a ƙungiyar gama kai ba ta cikin wannan tsari. Babban Banki ba ya duba littattafanta. Abin da ke tsakanin mamba da asara shi ne asusun ko-ta-kwana, da binciken kuɗi na shekara, da ofishin daraktan ƙungiyoyi na jiha, da ƙuri'arsa guda ɗaya a babban taro, wadda daidai take da ta mai ajiyar miliyoyi.

A yankin da binciken EFInA na 2023 ya nuna kashi 47 cikin ɗari na manyan mutanen Arewa maso Yamma ba sa hulɗa da kowace irin cibiyar kuɗi, wannan giɓi batu ne na siyasa. Gwamnatoci sun saba tuna ƙungiyoyin gama kai lokacin rabon tallafi, kamar yadda aka gani a shirin bashin manoma na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, inda aka yi ta kafa ƙungiyoyi don karɓar kaya, da yawansu kuma ba su rayu bayan rabon ba. Sa ido kan waɗanda ke riƙe da ajiyar jama'a na gaske ba ya kawo hoto a jarida, shi ya sa ba a rububinsa. Majalisar Dokokin Zamfara tana da ikon sanya iyaka kan kason ajiya da za a iya zubawa a fili ko hatsi, da wajabta bayyana duk cinikin da ya shafi shugaba ko danginsa, da ba ofishin darakta ma'aikata da kuɗin bincike.

Kafin nan, dokokin cikin gida na kowace ƙungiya suna hannun mambobinta. Suna iya neman a raba asusu biyu: ajiya zalla wadda ba a taɓawa sai don lamuni da murabaha, da asusun jari wanda mai so ya shiga da sanin cewa riba da asara duka nasa ne, kamar yadda ƙa'idar mudaraba ta tanada. Suna iya neman rahoton shekara ya nuna ribar kowace harka daban, domin ribar shinkafa kan rufe asarar mota shekara da shekaru ba a gane ba. Ga rarar kuɗin da ba a buƙata nan kusa kuma akwai Sukuk na Gwamnatin Tarayya, wanda aka fara fitarwa a 2017 da naira biliyan 100. Ladansa bai kai abin da ake fata daga sito cike da masara ba, amma rufe kasuwar Tsafe ko katse layin waya a Bungudu ba ya hana a biya shi.